Ni Albasa Ce!

Shekarun baya, lokacin da nake riƙe da ɗan shagon zane a Asokore Mampong, ba na jin akwai wanda ya fi ni ido a duk Kumasi. Ni ne mai buga katin biki, ni ne mai ƙyallen suna, ni ne mai allon shagon aski da na masu gyaran waya. Ka kawo mini hotonka wanda aka ɗauka cikin duhu, in wanke ka tas har mahaifiyarka ta tsaya tana tantama ko ita ta haife ka. 'Yan unguwa suna kirana Mai Zane, ni kuma ina amsawa da ƙarfi kamar wanda aka yi wa naɗi.

A cikin shekarun nan ne aka sa ranar auren 'yar ƙanwar mahaifiyata a Bawku. Mahaifiyata tela ce, kuma ita ta ɗauki nauyin ɗinkin amarya gaba ɗaya. Ta daɗe a kan keken ɗinkin nan tana ɗinki tana warwarewa, don ta rantse sai mutanen Bawku sun san amarya tana da uwa a Kumasi. Ranar tafiya na ce zan raka ta tasha. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Tun ba a haife ka ba nake hawa motar Bawku. Je ka buɗe shagonka."

Abin da ba ta sani ba, an sauya wa motocin wurin tsayawa. A wani lungu na unguwar Race Course akwai 'yar tashar da motocin arewa suke lodi: Tamale, Bolga, Bawku da Wa. Yayanta, wato kawuna, shi ne shugaban wurin, amma ranar bai fito da wuri ba. Tana shiga wani ɗan kamasho ya fizge jakarta ya ɗora a ka.

"Hajiya, arewa? Zo, saura mutum ɗaya!"

"Bawku za ni."

"Eh, eh, shiga kawai."

Ta shiga, ta yi addu'arta, gajiyar ɗinki ta kwashe ta tun kafin Techiman. Da ta farka sai ta ga hanyar ba ta yi mata kama da wadda ta sani ba. Ta tambayi matar da ke kusa da ita ko an wuce Kintampo. Matar ta ce wace Kintampo, ai Wa za su, har sun yi nisa.

Wanda ya san arewa ya san Wa tana yamma, Bawku tana can ƙuryar gabas. Ta kwana a gidan wasu bayin Allah a zangon Wa, washegari ta yi ta sauya motoci a kan hanya mai ramuka. Ta isa Bawku an riga an ɗaura aure, amarya ta fita cikin kayan aro.

Da ta dawo na shirya jin faɗa, don mahaifiyata in ranta ya ɓaci har maƙwabta sai sun samu rabonsu. Amma ba ta yi ba. Tana zaune tana ninke atamfa ta ce a hankali, ba tare da ta dube ni ba:

"Laifina ne. Da na yi boko da na karanta abin da aka rubuta a gaban motar."

Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Matar da take yanka yadi ba awo ya zauna wa mutum cif, matar da ta sauke Alƙur'ani tun tana budurwa, ita ce take ganin kanta a matsayin wadda ba ta san komai ba saboda wani guntun kwali da rana ta cinye rubutunsa.

Da yamma kawuna ya zo ba ta haƙuri. Bayan sun gama ya ja ni waje. Ya ce ba ita kaɗai ba ce, kusan kowane mako sai an kawo masa ƙarar wanda aka kai garin da ba nasa ba. 'Yan kamasho a kan kowane kai suke samun nasu, saboda haka duk motar da ta kusa cika nan suke tura mutum. Masu motocin kuma sun gaya masa ƙarara: in aka yi lodin Babbar Sallah cikin wannan ruɗani, za su nemi wani ya riƙe tashar. Ga shi kuwa kawun nawa a wurin ya tsufa.

"Kai ne mai zane," in ji shi. "Yi mana allo, ɗana. Babba, wanda makaho ma zai gani."

Jama'a, ku zo ku ga murna. Na ajiye duk wani katin biki gefe. Na zana allo mai faɗin gaske, sunayen garuruwan da manyan baƙaƙe, kibiya a gaban kowanne, hoton wata mota mai sheƙi irin wadda ba ta taɓa shiga tashar ba, ga sunan shagona a ƙasa yadda ba zai ɓuya ba. Masu walda suka kafa shi a kan dogayen ƙarafa daidai saman ƙofar shiga. Na tsaya ƙarƙashinsa aka ɗauke ni hoto, na watsa a intanet. Yabo ya yi ta zuwa. Har wani ya rubuta cewa tashar ta koma kamar filin jirgi.

Ba a jima ba kawuna ya kira ni.

"Allonka kowa yana yabawa. Sai dai jiya ma an sa wani dattijo ɗan Bolga a motar Wa."

Na kashe waya ina huci. A ranar na je wurin abokina a Moshi Zango. Tare muka yi makaranta, amma shi ya bi hanyar masu ƙera manhajar waya. Na zauna na zazzage masa. Na ce mutanenmu ba su da kirki, ka yi musu abu mai kyau ba za su ko duba ba.

Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Cale, abokina, ka taɓa tsayawa ka kalli mutanen da ka yi wa allon?"

"Me zan kalla? Ba a Zango aka haife ni ba?"

"Ranar Asabar ka same ni a tashar da sassafe. Kada ka zo da kwamfuta. Ka zo da idon nan da kake taƙama da shi."

Ya ce a wurin aikinsu akwai abin da suke kira UX, wato sanin halin da mutum yake shiga a daidai lokacin da yake amfani da abin da ka ƙera masa. Kafin su taɓa zana komai sai sun je sun zauna kusa da mutanen sun yi shiru. Ni dai na ji abin kamar zaman banza da aka sa wa sunan Turanci, amma na je.

Muka samu benci a wurin wata mai koko, daura da ƙofar. Ya kafa mini doka: ba magana, ba nuna wa kowa hanya, ko da na ga zai faɗa rami.

Da farko hayaniya kawai nake gani. Can sai abin ya fara rarrabuwa a idona. Ga mace da goyo, tana jan wani yaron da hannu ɗaya, ɗaya hannun ta danne jakar kuɗinta. Idonta yana ƙasa, tana kaucewa kwata. Ga dattijo yana waige-waige kada baro ya buge shi. Ga mata 'yan dako, waɗanda muke kira kayaye, da manyan daro a ka suna "Ago! Ago!" a ba su hanya, masu kayan suna biye da su a guje kada su ɓace musu. Kowa ya shigo sai ya ɗan tsaya cak, 'yar tsayawar nan ta wanda bai san inda zai nufa ba, kuma a wannan ƙiftawar ido ne ɗan kamasho yake cafke shi. Na lura da wani abu ma: mutum in ya tambaya sau ɗaya aka ce masa eh, kunya ba ta barinsa ya sake tambaya, ko da zuciyarsa ba ta kwanta ba.

Muka daɗe a wurin. Ban ga mutum ɗaya ya ɗaga kai ya dubi allona ba. Ƙarya nake, akwai ɗaya: wani ya duba sama don ya ga ko hadari ne ya rufe rana.

Abokina ya tashi ya je ya yi magana da wata 'yar dako da ke hutawa, ya dawo da daronta da gammonta. Ya roƙi mai doya ta zuba mana kaɗan a ciki.

"Ɗauka," in ji shi. "Fita waje, ka shigo kamar fasinja, ka karanta mini allonka."

Na ce ba zan yi ba. Ya ce to mu tafi gida. Sai na ɗauka.

Da ƙyar na miƙe. Na taho ina tangaɗi kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu, mata suna ta shewa, wata tana cewa da Asantanci a zo a ga sabuwar kayaye mai gemu. Na iso ƙofa, na ce bari in ɗaga kai in karanta. Ina motsa wuya daron ya zame baya, doya ta watse, ɗaya ta gangara ƙarƙashin mota. Tashar ta ɗauki dariya.

Ni kuwa ina tsaye a tsakiyarsu, sai na ji wani abu ya buɗe a kaina. Na manta da kunya, na ruga wurin abokina ina ihu.

"Ba za su iya ba! Kai, ba ƙi suka yi ba, ba za su iya ɗaga kai ba! Mai kaya a ka ba ya duba sama!"

"To wanda ba shi da kaya fa?"

"Yana duban ƙafarsa da aljihunsa! Kuma ƙofar a matse take, kafin ka ga allon ka riga ka shige ƙarƙashinsa!"

Ya yi murmushi ya ce, "Yanzu ka fara aiki."

Ban taɓa jin daɗin faɗuwa irin na ranar ba. Muka koma benci muka sake sayen koko, muna magana muna katse juna. In ba za a duba sama ba, to alamar ta sauko daidai ƙirjin mutum. In ba kowa ke karatu ba, to kada ta dogara da rubutu. In da baki ake yaudarar mutane, to a ba su abin da za su tabbatar da idonsu ba sai sun tambayi kowa ba. Kowane gari ya samu launinsa da hotonsa. Na miƙe zan tafi shago in buga.

Abokina ya riƙo rigata. "Zauna. Kwali da alli tukuna. Abin da ba za ka ji zafin yagawa ba."

Muka yanka kwalayen taliya, na zana hotunan da hannu. A tsakar gidanmu muka yi gwajin farko. Mahaifiyata ta tara ƙawayenta na adashe, muka jera kujeru a matsayin motoci, kowace kujera da kwalinta. Abokina ya gargaɗe ni kada in bayyana komai, in ba su gane ba to zanen ne bai yi ba.

Na ce, "Mma, Bawku za ki. Wace mota za ki shiga?"

Na zana wa Bawku albasa, don kowa ya san albasar Bawku, na shafe kwalin da ja. Ta zagaya kujerun ta dawo ta tsaya.

"Babu motata a nan."

"Duba da kyau."

"Na ga mai tulu. Wane gari ne ake tulu?"

Ƙawayenta suka fashe. Albasar da na zana da gwaninta, har da inuwa, tulu ta zama. Wata Hajiya ta karɓi allin ta ƙara mata ganye a sama da 'yan saiwoyi a ƙasa, nan take kowa ya ce yauwa, ga albasa. Ina ƙoƙarin haɗiye wannan sai wata ta ɗaga kwalin ta ce:

"Amma wa zai shiga motar makoki? Ja a Kumasi? Ka sa wa mota ja mutum ya hau ya kama doguwar hanya?"

Ni da na tashi ina ganin Asantawa cikin ja da baƙi a wurin makoki kowace Asabar, abin bai ko zo mini ba. Na ce to a mayar da shi shuɗi. Suka ce na jam'iyya ne. Kore fa? Na ɗaya jam'iyyar ne, sai an fasa mana gilashi lokacin zaɓe. Haka muka yi ta cirewa har muka tsaya a kan launin bawon albasa, ruwan ɗorawa, ruwan goro da fari.

Taron direbobi kuwa sai da ya kusa zama dambe. Bolga ba gardama, kwandon saƙa suka ɗauka. Wa ce ta ba mu wuya. Na karanta cewa akwai dorina a kogin yankinsu, sai na zana musu ita, ina ganin na burge. Wani babban direba mai tumbi ya ɗaga kwalin ya juya shi ga jama'a.

"Mu ne dorina? Kai yaro, wa ya aiko ka?"

Suka ce zabo suke so. 'Yan Tamale suka miƙe suka ce zabo nasu ne tun kaka da kakanni. Kawuna ya yi ta buga tebur. Daga ƙarshe wani tsohon direba ya ce su Wa ai ƙasar kaɗanya ce, a zana musu itace, itace ba ya zagin kowa. Aka tafa. Abokina ya raɗa mini cewa in bar su su yi ta gardamar, abin da mutum ya zaɓa da bakinsa ba ya yarda a taɓa shi.

Saura 'yan kamasho. Ni so na yi a kore su. Kawuna ya girgiza kai, ya ce su ma abinci suke nema, in ka kore su ta ƙofa za su dawo ta katanga. Muka zauna mu uku muka juya maganar, har muka samu mafita: kowane ɗan kamasho a ba shi gari ɗaya, ya sa falmaran mai launin garin da hotonsa a ƙirji da baya, kuma rabonsa daga motar garin kaɗai zai fito. Ka ga ke nan ba shi da riba in ya tura ɗan Bawku motar Wa. Su da kansu suka zama allon, allo mai ƙafa, daidai tsayin ido.

Mahaifiyata ce ta ɗinka falmaran ɗin. Tana cikin ɗinki ta dubi tarin ƙyallayen da suka rage ta ce, maimakon a zubar, a riƙa ɗaura wa kowace jaka ɗaya, tunda jakar ake fara fizgewa kafin mai ita. Na yi tsalle na rungume ta har ta ce in sake ta kada allura ta soke ni. Muka sayi manyan lemomi irin na 'yan kasuwa, kowace mota da lemarta mai launi da hoton garin a bakin ƙofarta, ana hango ta tun daga nesa ba sai an karya wuya ba. Tikiti ma aka sassaƙa masa hatimi mai hoton. Abu ɗaya a ƙirjin ɗan kamasho, a jakarka, a tikitinka, a jikin motarka. Ƙawayen mahaifiyata suka ɗauki sauran aikin ba wanda ya sa su: saƙon murya ya yi ta yawo a wayoyin Zango, in za ki Bawku ki bi albasa, in Tamale ki bi zabo.

Babban allona kuwa aka sauke shi. Mai shayin tashar ya roƙa, ya yi rumfa da shi.

Ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah lodi ya kankama. Na isa tashar gari bai gama wayewa ba. Masu motocin sun zo da kansu, sun jera kujeru gefe suna kallo, kawuna yana ta kai da kawo da carbi a hannu. Mutane suka fara kwararowa, da buhuna, da katifu, da raguna masu turjewa.

Na kafa ido a ƙofar ina jiran 'yar tsayawar nan. Wata mata ta shigo da kaya niƙi-niƙi a ka. Ta tsaya. Idonta ya zagaya, ya sauka a kan ƙirjin ɗan kamasho mai falmaran ruwan goro. Ta nufe shi kai tsaye ta ce, "Zabo." Ya ɗaura wa kayanta ƙyalle ya nuna mata lema. Shi ke nan. Ba ja-in-ja, ba fizge.

Na daki kafaɗar abokina har ya yi ƙara. "Ka gani? Ka gani?"

"Na gani, kada ka karya ni."

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Farin falmaran na Wa kafin hantsi ya koma ruwan ƙasa. Masu sayar da ruwa suka mamaye inuwar lemomin har suna tare hoton, sai da muka ɗaga su sama kaɗan. Wani kuma ya dage shi Bolga za shi amma launin Tamale ya fi masa kyau. Duk da haka motoci suna cika suna tashi, kuma ban ji ana kiran sunan kawuna da ihu ba.

Wajen azahar mahaifiyata ta iso da ƙarin ƙyallaye, ta tsaya kusa da ni. A lokacin ne abin ya faru. Wata tsohuwa 'yar firit, da sanda, an riga an ɗaura wa jakarta ƙyallen Bawku, ta tsaya sayen ruwa. Sai wani ɗan kamasho daga wata tashar, wanda ba shi da falmaran, ya lallaɓo ya sure jakar.

"Kaka, taho, ga motarki nan za ta tashi!"

Ya nufi motar Wa da ta rage kujera ɗaya. Tsohuwar ta biyo shi tana ɗingishi. Na yunƙura zan ruga, abokina ya danne mini hannu. Ta iso bakin motar, ta dubi lemar, ta dubi jakarta. Sai ta ɗaga sandar nan ta maka wa jikin motar, ta buɗe murya, muryar da ban san inda ta ajiye ta a wannan ɗan jikin ba:

"Kai! Ina za ka kai ni? Wannan itace ne! Ni albasa ce!"

Tashar ta fashe da dariya. Direbobi suna dukan sitiyari, kayaye suna riƙe ciki, har masu motocin da suka zo da fuska a ɗaure suka kwanta a kujerunsu. Direban nan mai tumbi da ya ƙi dorina shi ya sauko da kansa ya karɓe jakar, ya ce wa mutumin in ya sake ganinsa a wurin sai ya ɗaure shi a saman mota tare da raguna. Ya rungumi jakar ya raka tsohuwar har gindin lemarta, jama'a suna tafi suna "Albasa! A ba albasa hanya!" Ita kuwa tana tafe tana ɗaga sanda kamar wadda ta ci zaɓe.

Na ji an damƙe mini hannu. Mahaifiyata ce, tana dariya hawaye yana zuba.

"Ka ga ba ta tambayi kowa ba," in ji ta. "Kuma na rantse ita ma ba ta yi boko ba."

Na ce, "Mma, ke ma ba boko ne ya kai ki Wa ba."

Ta share ido da bakin mayafinta. "Yanzu na sani. Je ka, lemar Bolga tana karkacewa."

An gama lodin Sallar nan ba a kawo wa kawuna ƙara ko ɗaya ba. Ya ci gaba da riƙe tashar har sai da gwiwoyinsa suka ce ya isa, ya sauka da kansa cikin mutunci.

Ni kuma daga nan aikina ya sauya. Har yanzu ina son abu mai kyau, ba zan yi muku ƙarya ba, amma na daina fara tambayar ko ya yi kyau. Ina fara tambaya: wa zai yi amfani da shi, me ke hannunsa a lokacin, me ke kansa, me yake tsoro, me yake jin kunyar tambaya? Na gane cewa ni da nake zaune a shago ƙarƙashin fanka ba ni ne mutumin da ke shigowa tasha da goyo da buhu ba, ko da unguwarmu ɗaya. Kuma duk lokacin da na ji mutum ya ce "laifina ne, ban iya ba" a gaban wata na'ura ko wata ƙofa ko wata manhaja, sai in ji raina ya tashi, don sau da yawa ba shi ne bai iya ba, wanda ya tsara abin ne bai taɓa zama ya kalle shi ba. Yanzu ni ma manhajoji nake tsarawa, kuma duk sabon wanda ya zo koyon aiki wurina, ranar farko benci nake nema masa.

Kwanakin baya aiki ya kai ni Tamale, na bi ta tashar. An sauya lemomin, hotunan ma wani ne ya sake zana su, zabonsa ya fi nawa ƙiba. 'Yan kamashon duk sababbi ne, ba wanda ya san ni. Na tsaya a ƙofa ina kallo ina murmushi ni kaɗai. Wata mai sayar da burodi ta ga na daɗe a tsaye, ta ɗauka baƙo ne ya ruɗe.

"Ɗan'uwa, ina za ka?"

"Tamale."

"To bi zabo. Ka ga mai ruwan goron can? Kada ka saurari kowa, ka duba ƙirjinsa kawai."

Na ce, "Kai, wannan dabara ce. Wa ya kawo ta?"

Ta ɗaga kafaɗa tana gyara burodinta. "Wa zai kawo? Ai haka ake yi tun da can."

Na yi mata godiya, na sayi burodi, na bi zabo.